Ganyen mustad da na tsinko a Bharatpur

Sanyin Janairu a arewacin Indiya ba irin hunturunmu ba ne, namu bushewa yake har leɓe ya tsage, nasu kuwa hazo ne mai laima, ka fito da safe rigarka ta jiƙe alhali ko yayyafi ba a yi ba. A irin wannan safiyar aka kai mu gonakin mustad a Bharatpur ta jihar Rajasthan, inda cibiyar binciken mustad ta ƙasar take. Su sarson suke ce masa, shi ne dai hardal ɗin nan da muke ji a tafsiri ana buga misali da ƙanƙantar ƙwayarsa. Da mansa suke girki kamar yadda muke yi da man gyaɗa.

Daga nesa fure ne rawaya iya ganinka, sai da na tsugunna na ɗaga ganyen ƙasa na ga ɓarnar. Tabo ne ruwan ƙasa, zobe cikin zobe kamar an yanka albasa a tsakiya, gefensa ya yi ɗorawa. Fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, mai suna Alternaria, laimar nan yake so, daga ganyen ƙasa yake farawa ya hau har kan kwanson iri, ƙwayar ta motse, man ya ragu. Wallahi nan take na tuna da tabon ganyen gyaɗa a gonar babanmu in damina ta yi nisa.

Ni a da na ɗauka shuka dai tana tsaye ne kawai, abin da ya zo ya same ta. Ashe ba haka ba ne. Na farko akwai wani kakin da ke lulluɓe ganye, ka shafa ka ji santsi kamar na kabeji, wanda ma ɗan'uwansa ne, raɓa ba ta zama a kai sai ta gangare, shi kuma fangas in babu ruwa ba ya tsirowa. Mustad ɗin Habasha yana da kakin nan sosai, ya fi na Indiya juriya. Sannan yajin mustad ɗin nan da ke hawa hanci, ba don mu aka yi shi ba, sinadarai biyu ne a ajiye daban-daban a cikin ganyen, sai an ji masa rauni suke haɗuwa su zama guba ga mai cin sa. Zogale ma yana da irinsa, shi ne ɗan yajin da kake ji in ka tauna ɗanye.

Amma inda abin ya ɗaure min kai shi ne nan. Shuka tana da wata dabara, in cuta ta shigo sai ta kashe ƙwayoyin jikinta na wajen da kanta don cutar ta rasa abinci, kamar yadda ake ƙona gefen gona kafin wutar daji ta iso. Wannan yana aiki a kan cutar da sai a rayayyen ganye take rayuwa, irin farar tsatsa da ita ma ke damun mustad. To shi Alternaria mushe yake ci! Da kansa ma yake zuba guba, destruxin B, ya kashe ganyen sannan ya zauna ya ci, ka ga in shukar ta kashe nata ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Waɗanda suka iya da shi wasu 'yan'uwa ne na nesa. Farin mustad yana saurin sauya gubar ta zama ba ta da kaifi, Camelina kuma tana haɗa nata maganin, camalexin, da zarar an taɓa ta. Matsalar auren ne ba ya yiwuwa cikin sauƙi, in an haɗa su da mustad ɗin noma irin yakan zube tun bai nuna ba, sai an ciro ɗan tayin an raine shi a kwalba, kuma juriyar ba a ƙwayar gado ɗaya take ba balle a ɗauko ta a dasa a huta.

Shi ya sa har yanzu manomi feshin mancozeb, maganin kashe fangas, yake yi, ya yi shuka da wuri a Oktoba, ya kwashe ragowar karan bara. Ganyen nan yana cikin littafina har yau, ya bushe ƙayau amma zoben bai goge ba.