Kwantenar da na ba maki biyu

A ofishinmu na Wuse na rubuta takardar, da kofin shayi a gefena. An ce in auna haɗurran wani jirgi mai dakon kaya daga tashar jiragen ruwa ta Onne a jihar Ribas zuwa dandamalin haƙar mai a teku. Masu wannan aiki sun san lissafin: yiwuwar aukuwa ɗaya zuwa biyar, munin abin ɗaya zuwa biyar, a ninka.

'Yan fashin teku na sa a sama, don a Abuja in aka ambaci mashigin tekun Gini su ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Sai gobara, sai kifewa, saboda labarin jirgin ruwan nan Jascon 4 da ya kife a 2013 bai taɓa barin kaina ba. Ɗaga kwantena da ƙugiya kuwa maki biyu na ba yiwuwar haɗarinsa. Na ce ai abin kullum ne.

A watan Agusta na bi jirgin, ni ɗan Jos da ruwan dam ɗin Lamingo ne iyakar sanina. Mun shiga da'irar tsaro ta mita 500 da ke kewaye da dandamalin lafiya lau. Iska babu ƙarfi, kuma ƙarfin iska kaɗai na rubuta a sharaɗin dakatar da aiki. Raƙuman ruwan nan masu tasowa daga kudu da damina, masu ɗaga jirgi a hankali su sake shi, ko layi ɗaya ban ba su ba. Bayan jirgin kuma an cunkushe shi da kwantenoni da bututu, ba masaka tsinke.

Kwantena ta tashi, jirgi ya yi ƙasa da raƙumin ruwa, ta yi lilo. Yaron da ya maƙala ƙugiyar ya ja baya, babu inda zai sa ƙafa. Ta haɗa hannunsa da ƙarfen gefe. Da shugaban ma'aikatan saman jirgin ya yanke safar hannun da almakashi, yatsu biyu sun murƙushe. Shugaban nan mutumin Lakwaja ne, ya ji Hausa sarai, ya dube ni ya ce, "Injiniya, ina ka bar mana mu gudu?"

Yanzu ba na sa hannu sai na ga zanen lodin kaya, na bi hanyar tsira da yatsana daga kowace kwantena, na kuma rubuta iyakar tsayin raƙuman ruwa da kyaftin ya yarda da ita. Abin da har yau ke ci mini rai, da na dawo Abuja maigidana cewa ya yi in rubuta sakacin ma'aikaci a rahoton. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, biyun nan da hannuna na rubuta ta."