Lido da dara: wa ake ɗora wa laifi idan an sha kaye?

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Gombe bayan la'asar, daga Jekadafari zuwa Bolari ko Pantami, ya san cewa ƙarar da ta fi tashi daga majalisun matasa a yanzu ita ce ta dayis biyu da ake kaɗawa cikin ɗan kofin roba kafin a kife su a kan gilashin allon lido. Dara kuwa, wadda ba ta buƙatar komai sai ƙasa mai laushi da 'yan tsakuwoyi da guntayen kara, ta fi zama a hannun dattawa da mutanen karkara. Na sha jin ana cewa ƙyuyar tunani ce ta jawo haka, amma a ganina wannan hukunci ya yi gaggawa, domin babban abin da ya raba wasannin biyu shi ne wanda ake ɗora wa laifi idan an cinye mutum.

Darar da na sani ana haƙa mata gurabe 30 ne, layi biyar masu gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa kuma yana riƙe da 'ya'ya 12. Da farko ana kasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan mataki ba a yarda kowa ya jera uku ba. Idan an gama kasawa gurabe shida ne kacal za su rage babu kowa, daga nan sai a fara matsawa taki ɗaya zuwa gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa, jerin huɗu kuma ba ya ci. Gwanaye sukan ce tun a wajen kasawa ake gama wasan, domin wanda ya shirya 'ya'yansa yadda matsawa ɗaya za ta wargaza wani jeri ta kuma haɗa wani, zai yi ta ci a kowane zagaye har abokin wasa ya rasa abin da zai jera.

A irin wannan wasa babu inda sa'a take shiga, komai yana shimfiɗe a gaban kowa, saboda haka wanda aka cinye ba shi da mafaka. Ba banza ba Bahaushe ya ɗauko karin maganar "dara ta ci gida" daga nan, domin kuskuren mutum da hannunsa shi ke kayar da shi. Wannan yana da daɗi tsakanin tsara biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, amma yana da nauyi a majalisar da ta haɗa wa da ƙane, ko malami da almajirinsa, balle suruki. Saurayin da ya cinye kawunsa sau uku a jere a gaban jama'a ya san cewa akwai abin da ya taɓa wanda ya wuce wasa, shi ya sa za ka ga wasu suna sakin hannu da gangan, dattijon kuma ya gane an sakar masa, abin ya ƙara yi masa ciwo.

Lido ya zo da mafita ga wannan matsala. Asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda ake yi da wuri, a jefa a ƙirga waɗanda suka faɗi baki sama. A Ingila aka sauƙaƙa shi aka maye wurin da dayis, aka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896. Da zarar dayis ya shigo, laifi ya samu mai ɗauka. Na ga yaro ɗan firamare ya kori 'ya'yan kakansa gida, tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Kai ɗan nan, yau hannunka ne ke ci," yaron ya amsa da cewa, "Baba, siki ne ya ƙi zo maka," aka yi dariya aka sake zubi, ba wanda girmansa ya zube.

Sai dai masu cewa lido sa'a ce zalla ba su lura da lissafin da ke cikinsa ba, musamman yadda muke yin sa a nan da dayis biyu. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. A cikinsu, hanyoyi 11 ne ke ɗauke da aƙalla siki ɗaya (lamba shida, wadda da ita ake fito da ɗa daga gida), wato kusan kashi 31 cikin ɗari, alhali mai jefa dayis guda yana da damar kusan kashi 17 ne kawai na fito da ɗansa daga gida. Siki biyu a tare kuwa hanya ɗaya ce tak cikin 36, shi ya sa ake yi masa ihu.

Inda lissafin ya fi amfani shi ne wajen zaɓar inda za ka tsayar da ɗanka idan na abokin wasa yana bin ka a baya. Matuƙar yana da wani ɗan a waje da zai kashe ɗayan dayis ɗin a kansa, zai iya cin ka da lambar dayis guda ko da jimillar biyun. Idan tazarar da ke tsakaninku taki shida ce, hanyoyi 16 cikin 36 za su kai shi kanka: 11 masu ɗauke da siki, da wasu biyar da jimillarsu ke ba da shida. Idan taki ɗaya ce, hanyoyi 11 ne kawai, domin babu jimillar dayis biyu da ke ba da ɗaya. Da ka ƙara taki guda a kan shida ka koma bakwai, haɗarin ya faɗo zuwa hanyoyi shida, a taki goma sha biyu kuma saura hanya ɗaya. Ma'ana, zama dab da bakin abokin gaba ya fi aminci a kan tsayawa taki biyar ko shida a gabansa, abin da yawancin 'yan wasa ke yin akasinsa saboda tsoro. Tsofaffin hannu a majalisa ba su taɓa zama sun ƙirga wannan ba, amma yawan wasa ya koya musu, kuma su ne ake cewa suna da sa'a.

Wasan da babu dabara a cikinsa ko kaɗan shi ne maciji da tsani, wanda shi ma daga Indiya ya fito. Gidaje 100 ne, ɗan wasa ba ya zaɓar komai, abin da dayis ya ba shi kawai yake takawa, don haka amfaninsa a wajena bai wuce koya wa ƙananan yara ƙirga da haƙurin jiran layi ba. A ɗaya ɓangaren akwai draf, mai gidaje 100 da 'ya'ya 20 ga kowane ɗan wasa, wanda ya bi sahun dara wajen hana uzuri, da Scrabble, wasan haɗa kalmomi, wanda ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a cikinsa a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. Monopoly, wasan saye da sayar da kadarori wanda kamfanin Parker Brothers ya fara sayarwa a Amurka a 1935, ba na ba majalisa shawarar sa, domin yana cin lokaci, kuma wanda ya karye da wuri sai ya koma ɗan kallo har a tashi.

Ba zai yiwu a yi wannan magana a Gombe a tsallake batun addini ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga wasan nardashir, wanda ake yi da dayis, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa hukuncin zuwa sauran wasannin da suka dogara da jefa shi. Saboda haka akwai abokan zamanmu da za su kasa dara da kai amma ba za su taɓa kofin lido ba, kuma bai dace a matsa musu ko a yi musu ba'a ba. Sa kuɗi kuwa caca ne ƙarara, babu saɓani a kansa, kuma majalisar da aka fara ajiye naira ɗari a gefen allo ba ta daɗewa ba a ji ta da rigima.

Yanzu wasan ya shiga waya, musamman ta manhajar Ludo King da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, laifin kuma ya tashi daga kan dayis ya koma kan manhaja. Kullum sai ka ji wani yana rantsuwa cewa an shirya masa maguɗi domin ya yi jifa goma bai ga siki ba. Alhali da dayis guda mai gaskiya, damar a yi jifa goma a jere babu siki ta kai kusan kashi 16 cikin ɗari, wato kimanin sau ɗaya cikin shida, don haka a wasan mutum huɗu ba abin mamaki ba ne a samu wanda 'ya'yansa ke zaune a gida har wani ya kusa zagaye allon.