Faifan da na tsinta a akwati

Jiya ina kwashe tsofaffin takardu sai ga faifan floppy, irin wanda ake adana aikin kwamfuta a ciki a da, da rubutun hannuna a jiki: "Kundin digiri, 2002". Kundin gaba ɗaya yana cikin ɗan abin nan mai cin 1.44 MB, wanda yau hoto ɗaya na wayata ya fi ƙarfinsa.

Nan take na tuna shagon buga takardu a Zariya, kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya da Windows 98, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta kafin a adana aiki. Shafi-shafi ake biya. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don buhun masara biyu mahaifina ya sayar aka biya kuɗin bugun, Allah ya jiƙansa. Na goge ƙurar faifan, na mayar da shi cikin tsofaffin takardun.