Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Harara-garken Fim ɗin Kaboyi

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti, bayan dutsen danƙon da wani yaro ya harba wa tsuntsu ya sauka a idona na hagu. Likita ya gaya wa Baba gaskiya: ido ya tafi, sai haƙuri. Shekarata 13 a lokacin. Ba a cire ƙwayar ba, amma ta yi hazo-hazo, ta karkace tana kallon gefe.

Ciwon ya warke cikin wata biyu, fita waje ce ta gagare ni. Ranar da na fara leƙa ƙofar gida, kafin in kai bakin rijiyar unguwa wani ya ƙwala mini "Harara-garke!" Sauran suka ɗauka, suna ya bi ni. Na daina zuwa dandali. Makarantar allo ma sai an kora ni, in na je kuma in samu lungu in sa allo ya kare mini rabin fuska. Inna takan ce, "Haba ɗan nan, mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho." Gaskiya ta faɗa, Allah Ya jiƙanta, amma zuciyar yaro ba ta jin karin magana.

Yayana ne ya gaji da ganina a ɗaka. Yana koyon ɗinki a Fagge a lokacin. Wani dare a 1974 ya ce da Baba zan taya shi kwana a shago saboda ɗinkin sallah ya yi yawa, muna fita ya ja hannuna sai silima. A Kanon wancan zamani, a ce an ga ɗan gidan mutunci a ƙofar silima abin kunya ne ga gidansu duka, don haka ba ƙaramar kasada ya yi ba. Silimar ba ta da rufi, dogon bango ne da farin allo a gaba, taurari a sama, masu gyaɗa da rake suna ratsa bencina. Finafinan Indiya ne suka fi yawa, amma ranar na kaboyi aka sa. Ba mai jin Turanci a layinmu. Mun dai san akwai akta, akwai bos, akwai yaran bos, kuma yaran bos mutuwa suke yi.

Fim ya buɗe da tashar jirgin ƙasa a tsakiyar fako. Mutum uku masu dogayen riguna da ƙura ta rina suka shigo, suka kulle tsohon mai sayar da tikiti, suka zauna jiran jirgi. Ba kiɗa, ba magana, sai kukan fankar rijiya da iska ke juyawa. Ɗaya baƙar fata ne dogo, ruwa na ɗiga masa a kan hula. Ɗaya yana lanƙwasa yatsunsa suna ƙas-ƙas. Na ukun ya kishingiɗa, kyamara ta matso har fuskarsa ta cika allon: gemu buzu-buzu, ido ɗaya na kallonmu, na hagun ya yi nasa wuri.

Gida ya ɗauki ihu, "Harara-garke! Harara-garke!" Gabana ya faɗi, na sunkuyar da kai, na zaci ni aka gano. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗago, ba da kai suke ba. Dubi allo." Ashe murna suke yi. Wani dattijo a bayanmu yana ta cewa, "Wannan mugun ai tsohon hannu ne, na ga an kashe shi ya fi sau goma."

Sai ga ƙuda ya sauka masa kusa da baki. Ya hura iska ta gefen leɓe, ƙuda ya tashi ya dawo. Ya murguɗa baki, ya motsa kumatu, ƙuda na nan. Da ya sauka a jikin katako, mutumin ya zaro bindigarsa a hankali ya kifa bakinta a kansa, ya toshe da yatsa, ya kai kunne yana sauraron kukan ƙudan a cikin ƙarfe, yana ɗan murmushi. Duk yawan mutanen gidan nan ba ka jin ko tari. Jirgi ya iso ya wuce, ya bar wani baƙo a tsallaken dogo yana busa ɗan abin busarsa. Aka yi 'yar magana a kan dawakai, bindigogi suka tashi, su ukun suka zube. Ko rubu'in sa'a bai cika a fim ɗin ba, amma ni sauran fim ɗin ban san me aka yi ba.

Sunan harara-garken nan kuwa sai da na yi jikoki na sani. Ina ba jikata wannan labari, ta ɗauki wayarta ta 'yan danne-danne, ta miƙo mini ta ce, "Kaka, wannan ne?" Shi ne. Jack Elam. Fim ɗin kuma Once Upon a Time in the West ne na 1968, wanda Ba'italiye Sergio Leone ya shirya, kuma tashar nan a ƙasar Sifen aka ɗauke ta. Mai busar Charles Bronson ne, dogon mai hular Woody Strode. Tun daga ranar na sa ta riƙa karanto mini tarihin Jack Elam.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, 1920, a wani ƙaramin garin haƙar tagulla da ake kira Miami a jihar Arizona ta Amurka. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ya taso yana tsinkar auduga a gonaki. Yana shekara 12 wani yaro ya soke shi da fensir a idon hagu a wurin taron 'yan sikawut, idon ya daina gani. Da jikata ta karanta wannan sai na ce ta dakata, ta maimaita. Ido iri ɗaya, hannun yaro ɗan'uwanmu, shekara ɗaya ce tsakaninmu.

Bai fara da wasan kwaikwayo ba, akawu ne. Ya riƙe littattafan kuɗi a kamfanin fim na Samuel Goldwyn, ya kuma yi wa masu shirya finafinan kaboyi na Hopalong Cassidy lissafi. Likita ya gargaɗe shi cewa duban ƙananan lambobi zai cinye masa idon da ya rage. Wannan na san shi a jikina, don ni ma aikin akawu na yi har na yi ritaya: kafin la'asar ido ɗayan ya fara ruwa, layukan littafi su hau juna, ciwon kai ya kama ka ta gefe guda. Shi sai ya yi amfani da sanin kuɗin da yake da shi, ya taimaka wa masu shirya fim samo jari, su kuma suka ba shi fitowa. A 1949 ya fara bayyana.

A 1951 aka san da shi, a fim ɗin Rawhide tare da Tyrone Power da Susan Hayward, inda ya fito ɗan fashin da har harbi yake kusa da ƙafar ƙaramar yarinya don ya tilasta wa akta ya ajiye bindiga. Daga nan muguntar kaboyi ta zama tasa. Ya fito a Vera Cruz a 1954, The Man from Laramie a 1955, Gunfight at the O.K. Corral a 1957. A High Noon na 1952 ɗan mashayi ne kawai da ke barci a bayan kanta. Finafinansa sun haura 70, ban da shirye-shiryen talabijin irin su Gunsmoke da ya yi ta komawa. A ganina irin waɗannan mutane su ne ginshiƙin fim ɗin kaboyi. Sunansu ƙanana ake rubutawa a ƙasan fasta, amma in ba wanda za a ji tsoro, jarumtar akta ba ta da wurin tsayawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne juyin da ya yi yana gab da shekara 50. A 1969 aka haɗa shi da James Garner a Support Your Local Sheriff!, ya fito talakan gari da aka maƙala wa muƙamin mataimakin ɗan sanda, jama'a suka yi ta dariya. Fuskar da ta shekara ashirin tana firgita mutane ita ce ta koma tana faranta musu rai. Ya yi Rio Lobo da John Wayne a 1970, ya fito likita a The Cannonball Run a 1981. A 1994 gidan tarihin kaboyi da ke birnin Oklahoma ya sa shi cikin manyan 'yan wasan wannan fanni. Ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 2003, a garin Ashland na jihar Oregon, yana da shekara 82.

Duk wannan ban san shi ba a daren 1974. Abin da na sani shi ne na ga mai ido irin nawa ya kafe ɗaruruwan mutane a kan benci da fuskarsa kaɗai, bai ɓoye ta ba. A shago ban yi barci ba, ina jin keken Yaya na tafiya har asuba. Da safe ina komawa gida wani yaro ya kira ni da sunan nan a bakin rijiya. Na tsaya, na juyo, na dube shi da fuskata duka ban ce komai ba, har shi ya kau da kai.

Kwana uku bayan haka Inna tana wanki ta zaro guntun tikitin silima daga aljihun rigata, Baba kuma yana zaune a tsakar gida yana alwala. Yadda ta kaya tsakaninsa da Yaya, sai a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.