Faten tsaki da kabewa, da garin da ya ƙona mini tukunya

Har yanzu ina jin haushin mai injin unguwarmu. Sanyin Janairu ya matsa a Damagaram, hazo ya rufe duwatsun Birni, yara duk sun yi kaushi, sai na ce bari in yi musu faten tsaki da kabewa da dare. Na auno tiya ɗaya ta masara a kasuwar Dole, aka surfa, na kai inji na ce, "Malam, ɓarzawa za ka yi, ba niƙa ba." Ya ce to. Abin da ya miƙo mini kusan rabinsa gari ne.

Magariba ta gabato, na zuba shi haka nan a romon da ya sha albasa, tattasai, daddawa da man gyaɗa. Nan take garin ya kama kamar talge, ya shanye ruwan, ya manne a gindin tukunya, tsakin kuwa yana nan garas-garas a haƙori. In ka ƙara wuta ya ƙone, in ka ƙara ruwa ɗanɗano ya gudu. Ƙaurin ya bi kabewar da na zaɓo da hannuna, ja jawur, mai nauyi. Ita ta fi yi mini ciwo, wallahi. Ga ruwan da na ɓata wajen kankare tukunya, a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka.

Inna ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke ƴar nan, ina rariyarki?"

Yanzu ko wa ya ɓarzo, sai na tankaɗe, in bakace dusar, in wanke tsakin har ruwansa ya yi haske, in bar shi ya ɗan jiƙa. Rabin kabewar nake fara sa wa ta narke, ita ke ba faten kauri da zaƙi. Sauran manyan yanka daga baya, don a riƙa cin karo da su a cokali. Dakakkiyar gyaɗa tana shiga tare da tsaki, wuta ƙasa-ƙasa, muciya na kai wa har gindi. Yakuwa sai tsaki ya yi laushi, don tsaminta na jinkirta dahuwa.

A sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, kafin a gama rabawa sanyi ya daskarar da shi. Garin da na tankaɗe kuma kunu nake damawa da shi da safe, masarata kuwa wani injin nake kai wa yanzu, ko da ya fi nisa.