Abin da aikin tankin oksijin ya koya mini game da kumburi mai daɗewa

Mafi yawan waɗanda nake sakawa a tankin matsin iska suna zuwa ne da kumburin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: ƙashin da ƙwayoyin cuta suka zauna a ciki, gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko mafitsara da hanjin da hasken gashin cutar daji ya ƙona shekarun baya. Duk matsalarsu ɗaya ce. Ƙananan magudanan jini sun lalace, naman ba ya samun oksijin, don haka ba ya warkewa.

A cikin tanki muna ɗaga matsi zuwa ninki 2 ko 2.4 na iskar waje, kamar mutum ya nutsa mita 10 zuwa 14 a ruwa, yana shaƙar zallar oksijin na kimanin minti 90. A wannan matsi oksijin yana narkewa cikin ruwan jini, ya isa inda jajayen ƙwayoyin jini suka kasa kaiwa. Ana yi kwana biyar a mako, sau 30 zuwa 40, domin sabbin magudanan jini a hankali suke tohowa. Mai zuwa yau ya tsallake gobe, wahalarsa kawai yake ƙarawa.

Kunne ne ya fi ba ni aiki. Minti 10 zuwa 15 na farko, lokacin da matsi ke hawa, shi ne dodon kunne ke shan wuya. Tun kafin in rufe ƙofa nake koya wa mara lafiya haɗiye yawu, yin hamma, ko toshe hanci ya hura a hankali. Da ya ɗaga hannu na tsayar da matsi, na ɗan sassauta, sai kunnen ya buɗe mu ci gaba. Mai mura kuwa gara ya dawo wata rana. Wajen sauke matsi, doka ɗaya ce: kada a riƙe numfashi, domin iskar cikin huhu faɗaɗa take yi. Shi ya sa wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da bangon ƙirji ba ya shiga sai an cire ta.

Mai ciwon suga sai na auna shi, don suga yana faɗuwa a ciki. Ina duba zazzaɓi ma, saboda yana ƙara haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya da yawan oksijin ke iya jawowa. Hutun minti 5 na shaƙar iska ta yau da kullum yana rage wannan haɗari. Wasu ganin nesa kan dushe musu bayan makonni, yawanci yakan koma daidai bayan an gama.

Batun wuta ba na sassauci. Tufafin auduga zalla, babu man shafawa, turare, waya ko ashana.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata tankin a matsayin maganin kowane kumburi. Jakar roba da ake hurawa mutum ya shiga, mai matsi ninki 1.3, ba ta kai abin da muke yi ba, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita ne don ciwon hawan tsauni kawai. Ko tankin gaske bai maye gurbin kankare mataccen nama, maganin kashe ƙwayoyin cuta da barin taba ba, domin nikotin yana tsuke magudanan da muke wahalar buɗewa.