Yinin Asabar a Gidan Makama

Ranar Asabar da ta wuce na kai 'yata Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke kusa da fadar Sarkin Kano, kuma na ji kunyar cewa shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofarsa ban taɓa shiga ba. Tarihi ya nuna cewa an gina gidan ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano.

Mun ga sulke da masu da hotunan sarakuna, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne rufin soron kansa, yadda magina suka ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe rufi, da azara da ƙasa, har ɗakin ya riƙe sanyi alhali rana tana ƙuna a waje. Ita kuwa yarinyar sai ta tsaya a gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari, tana ƙirga ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce: "Baba, mutum nawa ne suke tura wannan?" Har muka iso gida tana neman takarda da fensir domin ta zana shi.